YADDA AKE HAƊA ƘASA MAI TSAMI DON SHUKA A TUKUNYA

Kowane tsiro da irin ƙasar da yake so. Masana suna auna tsamin ƙasa da wani ma'auni mai suna pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuwa ya karkata wajen kanwa.

A Amurka akwai wani ɗan itace mai shuɗin 'ya'ya, ana ce da shi bulubari. Manoma sun daɗe suna dasa shi yana mutuwa, sai da wani masani, Frederick Coville, ya gano cewa ba ya rayuwa sai a ƙasa mai tsamin 4.5 zuwa 5.5. A 1916 aka fara kai amfaninsa kasuwa a Jihar New Jersey. Zafin Nguru da Gashuwa ya fi ƙarfin wannan itace, amma darasinsa yana da amfani ga mai renon lemun tsami ko lemun zaƙi, domin su ma sun fi son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 6 zuwa 6.5.

A wannan yanki akwai wurare masu kanwa, musamman ƙasar Manga. Idan kanwa ta yi yawa, saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe. Alamarsa ita ce sabon ganye ya zama rawaya, jijiyoyinsa kuwa su tsaya kore. Gyaran gona guda yana da wuya, amma ƙasar tukunya tana hannun mai ita.

Yadda Za A Haɗa

1. A debo ƙasar sama kashi 2 daga wurin da ba ya fitar da farin gishiri da rani.
2. A ƙara yashi kashi 1 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.
3. A zuba ɓuntun shinkafa kaɗan domin iska ta ratsa.
4. A barbaɗa garin farar wuta, kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a bokiti guda.
5. A cakuɗa sosai, a yayyafa ruwa, a ajiye a inuwa kamar wata 2 kafin dashe. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne suke mai da farar wuta tsami, kuma a hankali suke aikinsu.
6. A huda gindin tukunya domin ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Abin Lura

Kada a kuskura a zuba toka, domin tana kashe tsami. Haka kuma ruwan rijiya mai kanwa yana rushe aikin sannu a hankali, saboda haka a tari ruwan sama da damina a adana. Wanda ya ga ganye yana sauya launi, sai ya nemi malamin gona tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.