Me Ya Sa Na'urar Ji Ke Ƙarewa a Ƙasan Akwati?

'Yan uwana mata, a gidaje da yawa akwai wata 'yar na'ura da aka saya da tsada domin Hajiya ko Baba ko wani yaro da jinsa ya ragu, aka yi murna ranar da ta iso, amma kafin wata ya zagayo an naɗe ta a ƙyalle an tura ƙasan akwati. In kin tambaya sai a ce miki tana fito, ko tana cizon kunne, ko kuma hayaniya ta fi magana yawa a cikinta. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ba ta da amfani. Alhali sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, ba a dai auna kunnen an daidaita ta da shi ba ne.

Wannan magana ta shafe mu a Jega da Aliero da Maiyama kai tsaye. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau, kuma Gwandu da Jega da Aliero ne abin ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan tashi da wata larura mai daɗewa, kuma raunin ji yana cikin waɗanda aka fi gani. Yaro ya warke, an yi hamdala, sai a ga ya daina waigowa in an kira shi, ko malamin Islamiyya ya fara ƙorafin ba ya mai da hankali. Sai a sa masa sunan mai taurin kai, har da bulala. Duk yaron da ya yi sanƙarau ya kamata a gwada jinsa cikin makonnin farko bayan sallama, domin cutar kan sa wani sashe mai kama da katantanwa can cikin kunne ya soma ƙandarewa ya zama ƙashi, kuma in an makara taimakon da likita zai iya yi yana raguwa. Bayan sanƙarau akwai ƙyanda, da kunne mai zubar da ruwa shekara da shekaru, da ƙarar injin niƙa ga mai wuni a gindinsa, da allurai irin su jentamaisin in an yi su barkatai, sai kuma tsufa.

Kuskuren farko a wajen saye yake. Ana aika wa ɗan uwa da ke Saudiyya ko Legas ya sayo, ko a ɗauko a kanti kamar rediyo. Yawancin masu arhan nan aikinsu kawai su ƙara ƙarfin kowane sauti baki ɗaya, kukan akuya da ƙarar babur da muryar jika duk daidai wa daida. Shi kuwa raunin ji ba haka yake ba. Tsoho yakan ji sauti mai kauri sosai, siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts" ne suke ɓace masa, shi ya sa zai ce miki yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa. In aka ƙara masa komai da komai, abin da yake ji tun farko ya zama tsawa, abin da ya rasa kuma yana nan a rashe. Kamar tabarau ne, na wani ba ya yi wa wani.

Don haka gwaji ne farko. A fara da babban asibitin garinku a nemi takardar turawa zuwa likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999, wadda aikinta ke nan kacokan. Likita zai leƙa kunnen tukuna, don wani lokaci datti ne kawai ya toshe, a wanke a dawo gida ba tare da an sayi komai ba. In kunnen yana zubar da ruwa sai an yi magani ya bushe, domin toshe jiƙaƙƙen kunne da roba ƙara rura ciwon ne. Bayan haka sai a sa wa mutum abin saurare, a riƙa sako masa sautuka daga mai kauri zuwa siriri, kowane kunne daban, a zana sakamakon a takarda. Uwargida, ki adana wannan takarda kamar katin riga-kafi. Da ita ake saita na'urar a kwamfuta, kuma da ita za a gane nan gaba ko jin ya ƙara raguwa.

Sai batun robar da ke shiga kunne, wadda a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Na'urar da ake ratayawa a bayan kunne tana da siririn bututu da ya haɗa ta da wata roba da ke zama a cikin kunne. Ana zuba wani abu mai laushi kamar ƙullu a kunnen, ya daskare cikin 'yan mintuna, a ciro shi a yi robar daidai da shi. In robar ta yi sako-sako, sauti yakan sulale ya fito ya sake komawa cikin makirufo, shi ne wannan fiton da ke sa mutum jin kunya a gidan biki. In ta matse kuma sai ta goge fata ta yi ja ko ta yi gyambo. Kada a ce wa mai ita ya daure, kuma kada a sa reza a fere ta a gida. A mayar, su suna da abin da suke goge wurin da ke cizo cikin ɗan lokaci. Wani kuma zai ce yana jin muryarsa kamar daga cikin tulu, ko taunarsa ta cika masa kai. Wannan ma ana rage shi da ɗan ƙaramin rami na shan iska da ake hudawa a jikin robar, ko a sauya saitin.

Kunnen yaro girma yake yi, robarsa kuwa ba ta girma. Jariri yakan buƙaci sabuwa bayan 'yan watanni, wanda ya tasa kuma kamar sau ɗaya a shekara. Da zarar na'urar da ba ta fito a da ta soma fito, ki fara zargin robar. Saboda haka ne ma aka fi ba yara ta bayan kunne, don roba kawai za a riƙa sauyawa. Tunda yaro ba zai iya faɗa miki ta mutu ba, kowace safiya ki kunna ta ki rufe ta a tafin hannu. In ta yi fito batir yana da rai. Sannan ki tsaya a bayansa ki kira sunansa a hankali ki gani.

Makonnin farko sai an yi haƙuri. Kunnen da ya shekara biyar bai ji ƙarar cokali a kwanon silba ba zai ji ta kamar an buga ƙarfe, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗaukar makonni kafin ta saba. Babba ya fara da 'yan awoyi a cikin ɗaki, ana hira da mutum ɗaya, ya riƙa ƙarawa kullum har ya kai ga wuni da ita. Kada ranar farko a ce sai kasuwar Jega ko tashar lodin albasa a Aliero. Ke kuma ki samu takarda ki riƙa rubuta ƙorafin: a ina abin ya dame ta, wace murya ce ba ta fita, wane gefe ne ke ciwo. "Ba na jin muryar jikata amma ina jin ta Malam" ya fi wa mai saiti amfani nesa ba kusa ba a kan "ba ta yi". Komawa sau biyu ko uku kafin ta zauna daidai abu ne da aka saba, saboda haka tun wajen yin lissafin kuɗi a sa kuɗin mota a ciki, a kuma tambayi mai sayarwa ko saitin gaba yana cikin farashin.

Akwai abin da ya keɓanta da mu mata. Ɗankwalin da aka ɗaure tamau a kan kunne yana danne na'urar ga ƙashi, hijabi mai kauri kuma yana gogar makirufo ya riƙa ba da ƙarar shafa, wani lokaci har fito. A je wurin saiti da irin hijabin da aka saba sawa a gwada da shi, a kuma sassauta ɗaurin ta gefen kunne. Lokacin alwala da wanka a cire ta a ajiye a wuri ɗaya da aka sani, a tsane kunne sosai kafin a mayar. Man kitso da turare a shafa su kafin a sa ta, domin suna toshe ƙofofinta.

Ƙurar hunturu da gumin bazara da laimar damina duk abokan gabarta ne. Da dare a goge ta da busasshen ƙyalle, a buɗe murfin batir, a sa ta a gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima. Ba a shanya ta a rana, ba a kai ta kusa da murhu. Batiranta lamba-lamba ne kuma kowace da launinta: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ki san lambar taku ki sayo da ɗan yawa idan an shiga birni, don ba kowane kanti ke ajiye su ba. In an ɓare takardar da ke bayan batir a jira kamar minti ɗaya kafin a saka, iska ce ke tayar da shi. Akwai masu caji yanzu, amma a dubi yanayin wutar unguwa kafin a zaɓa. Sabo ko tsoho, batir ya yi nesa da hannun yara. Wanda ya haɗiye shi asibiti za a nufa da shi nan take, domin yana iya ƙona maƙoshi cikin awoyi kaɗan.

Ko da an saita ta yadda ya kamata, ba ta mayar da kunne sabo. In za ki yi wa Hajiya magana ki zo gabanta ta ga bakinki, a rage rediyo, ki yi magana a natse ba da ihu ba, domin ihu a cikin na'ura zafi yake yi. In ba ta gane ba, ki sauya kalmar maimakon ki maimaita ta da ƙarfi.