3.2 Tarihi da Tsarin Ginin Masallacin Gobarau

Masallacin Gobarau yana cikin tsofaffin gine-ginen Musulunci a ƙasar Hausa. A yau hasumiyarsa ce kawai ta rage a tsaye a cikin birnin Katsina.

3.2.1 Asalinsa

Masana sun sha bamban game da lokacin da aka gina shi. Wasu sun danganta ginin da Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci. Wasu kuma suna ganin an gina shi ne a ƙarshen ƙarni na 15, wato lokacin da Shehu Magili ya zo Kano da Katsina wajen shekarar 1493. Ko ma dai wane ra'ayi aka ɗauka, masallacin ya haura shekara 500.

A zamanin da, nan ne ake sallar Juma'a, nan kuma malamai ke ba da karatu. Ladan yakan hau hasumiya ya kira salla, haka nan masu tsaron gari sukan hau don hango mahara tun daga nesa. Bayan jihadi, Sarki Ummarun Dallaje (1807-1835) ya gina sabon masallacin Juma'a. Daga nan aka daina kula da Gobarau, sai ginin ya riƙa zubewa. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) ne aka sake gyara hasumiyar.

3.2.2 Tsarin Gini

Tsawon hasumiyar ya kai kimanin ƙafa 50, wato mita 15. Hawa uku gare ta, kuma kowane hawa bai kai na ƙasansa faɗi ba. Hikimar hakan ita ce, gindi mai kauri shi ke ɗauke da nauyin, saman kuma ba ya rinjayar ƙasan.

Da tubali da ƙasa aka yi ginin, kamar yadda aka saba a Katsina da Daura har zuwa Mai'aduwa. A irin wannan gini, magina sukan kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta ruɓe kafin su ɗora tubali. Sukan yi rufi da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Sannan a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don hana ruwa shiga.

Sai dai ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe a kai a kai, musamman bayan damina. Ruftawar wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya a watan Agusta 2023, wadda ta jawo asarar rayuka, ta nuna cewa kula da irin waɗannan gine-gine ba adana tarihi kaɗai ba ne, har da kare rayukan masallata.