Ran Icce Yana Cikin Saiwarsa

Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, ta zama kuma ranar dashen itatuwa. Kowace shekara hukumomi da talakawa sukan fito su dasa dubban ƴan itatuwa, amma in rani ya tsananta da yawa daga cikinsu sai su bushe. Akan ɗora laifin bisa awaki ko ƙarancin ruwa, alhali sau da yawa ɓarnar ta auku tun ranar dashe, a cikin saiwa.

A Takanamat da sauran garuruwan arewacin Adar, cikin jihar Tawa, ruwan shekara bai cika kai milimita 400 ba, damina kuma ba ta wuce wata 3. Iccen da bai nutsa saiwarsa da nisa ba kafin ruwa ya ɗauke, da wuya ya ga wata damina.

Ana renon gawo, bagaruwa, dakwara da dogon yaro cikin ƴan buhunan leda. In ɗan icce ya daɗe ciki, uwar saiwa takan kai gindin leda ta naɗe kamar gammo, ko kuwa ta huda ta shiga ƙasa, ranar ɗauka a fizge ta ta tsinke. Don haka ne masu reno suke gusa ledoji kamar kowane sati 2, suna datse abin da ya leƙo.

In saiwa ta riga ta ji rauni, da sauran magani. A samu wuƙa mai kaifi da tsabta, a yanke ta sama kaɗan da inda ta karye, don yanka mai kyau ya fi tsaga saurin warkewa. Saiwa mai lafiya tana da haske da tauri. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ta ruɓe, sai a cire ta. Bayan haka a rage ganye kamar rabi, gama saiwar da ta saura ba ta iya shayar da shi duka. A ajiye ɗan iccen cikin inuwa kamar kwana 7, ana ba shi ruwa daidai, don yawan ruwa yana ƙara ruɓa.

A yi dashe da marece, bayan ruwa mai ƙarfi. A gina rami mai zurfin santimita 40. A yanke gindin leda kamar santimita 2, naɗaɗɗiyar saiwa ta tafi tare da shi. A tsaga ledar a cire ta duka ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, a rufe daidai wuyan icce, a danne. Inda ƙasa ta zama faƙo, a dasa cikin rabin wata don ya tare ruwa, a kewaye da ƙaya.

Adar ta san amfanin dashe. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma jera dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don kare gonaki daga iska. A 1984 aka buɗe aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, aka dasa miliyoyin itatuwa. Itatuwan da suka rayu ne suka tare iska, suka riƙe ƙasa.

Saboda haka ya kamata hakimai, ma'aikatan gandun daji da malaman yaƙi da jahilci su nuna ma manoma wannan aiki da hannu tun kafin ranar dashe, su kuma koma cikin watan Mayu su ƙidaya waɗanda suka tsallake rani.