Ƙashin Da Ke Cikin Fatar Kada

Duk badukun da ya taɓa sa wuƙa a fatar kada ya san kada ba iri ɗaya ba ne. Na kogin Binuwai, wanda majeman Marwa da Garwa suka saba da shi, fatar cikinsa lallausa ce, ana yanka ta kamar ta saniya, a yi jaka ko takalmi. Amma akwai wani ɗan gajere baƙi da ake kamowa daga fadamun kurmin nan na kudu, wanda tsawonsa ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi. Shi wannan har a cikinsa akwai ƙasusuwa jere cikin fata kamar maɓallai, suna dakushe wuƙa suna karya allura. Masu sayar da kayan fata daga cikin mutanenmu na New Bell ba sa ɗokinsa. Wani masani Ba'amurke mai suna Edward Cope, da ya raɗa masa suna a 1861, abin da ya fara lura da shi ke nan: sunan Osteolaemus ma'anarsa mai ƙashi a maƙogwaro.

To, yaya aka yi ƙashi ya shiga fata? Sai mu koma cikin ƙwai.

Uwar wannan ɗan kada ba ta kwanci irin na kaza. Da farkon damina takan tara ganyaye da ruɓaɓɓen ciyayi a gefen ruwa ta yi tudu, ta sa ƙwai kamar 10 a ciki ta rufe. Ɗumin ruɓewar ganyen shi ke yin aikin da ƙirjin kaza ke yi, har kwana 85 zuwa 105. Kadan Nilu kuwa rami take haƙawa a rairayi, ta zuba ƙwai 25 zuwa 80, a yi wata uku. Cikin kwana ɗaya da sa ƙwan, ɗan tayin yakan manne a saman ɓawo ta ciki, sai wani farin tabo ya bayyana a wurin, ya yi ta faɗi har ya zagaye ƙwan kamar ɗamara. Daga nan juya ƙwan kisa ne, domin kwanduwa za ta danne ɗan. Kaza tana juya nata kullum har kwana 21, shi ya sa yara suke zaton kowane ƙwai haka yake. A gonakin da ake kiwon kada, kafin a ɗaga ƙwai daga sheƙa sai an sa masa alama da fensir a sama.

Da farko ɗan tayin ba shi da ƙashi ko ɗaya. Gadon baya da haƙarƙari da ƙafafu duk da guringuntsi ake fara zana su, irin abin nan da muke taunawa a ƙarshen ƙashin kaza. Daga baya jijiyoyin jini su kutsa cikin guringuntsin tun daga tsakiya, wasu ƙwayoyin halitta su cinye shi, wasu su bi baya suna zuba sinadarin kalsiyam, watau dangin alli da farar ƙasa, har wurin ya taurare. Magini zai gane wannan: a fara kafa katako, a zuba siminti, sannan a cire katakon. Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba ta bi ta guringuntsi: ƙashin yakan tsiro kai tsaye a cikin tantanin da ke ƙarƙashin fata. Rufin ƙoƙon kai ta nan yake samuwa, har namu na 'yan Adam.

Kalsiyam ɗin kuwa wani daga kwanduwa yake zuwa, amma mai yawa daga ɓawon ƙwan kansa ake kankarowa. Ɗan yana gina ƙashinsa da bangon ɗakinsa, bangon yana ta sirancewa, ga kuma tsamin ruɓaɓɓen ganye yana cinsa ta waje. Lokacin fitowa, ɗan ƙaho ƙarami da ke kan hancinsa ya isa ya huda shi. Ni dai a duk darasin nan wannan ne abin da ya fi burge ni, kuma shi ne ɗalibai suka fi riƙewa. Ƙadangare ba haka ba: ɓawon ƙwansa laushi gare shi kamar fata, allin ciki kaɗan ne, don haka kwanduwa ce babbar madogararsa, ƙwan kuma yakan sha ruwan ƙasa ya kumbura.

Maɓallan fatar da muka fara da su 'yan hanya ta biyu ne, amma su ne na ƙarshen zuwa. Binciken da aka yi a kan kadan Amurka ya nuna ɗan yakan fito ba tare da su ba. Sai bayan ƙyanƙyasa suke fara fitowa daga wuya su bi baya har wutsiya. Ashe a lokacin da ya fi bukatar sulke ba shi da shi, shi ya sa uwa take tono 'ya'yan in sun yi kuka cikin ƙwai, ta kai su ruwa, ta yi ta gadinsu. Masana sun kuma ga alamar cewa mace in za ta yi ƙwai takan zari kalsiyam daga waɗannan maɓallai ta yi ɓawo da shi. Rumbu ne ke nan, ba garkuwa kawai ba.

Zafin sheƙar yana da wani aikin bayan dafa ɗa. A 1966 wata masaniya Bafaransa, Madeleine Charnier, tana aiki a jami'ar Dakar, ta lura cewa ƙwan jan gwada, wannan dai da ke ɗaga kai a kan katangarmu, yawan maza da matan da yake bayarwa ya danganta da zafin da aka ajiye shi. Ita ce ta fara rubuta haka, an kuma daɗe ba a kula ta ba. Yanzu an san duk dangin kada haka suke. A kadan Nilu, ƙasa da digiri 31 yawanci mata ne, wajen 32 zuwa 33 maza, in ya haura 34 mata su dawo. A tsakiyar kwanakin shiryawa ake yanke wannan hukunci. Kififiyar teku, irin wadda ke hawowa gaɓar Ebodje kudu da Kiribi don sa ƙwai, nata ya fi sauƙi: zafi mata, sanyi maza. A 2018 an gano cewa a arewacin gaɓar Ostareliya, sama da kashi 99 cikin 100 na ƙananan wata koriyar kififiya mata ne, saboda rairayin ya yi zafi.

Digiri ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne a wurinmu, amma inuwar bishiya guda ta isa ta kawo shi ko ta ɗauke shi. Itacen da ake sarewa a bakin kogin Wuri don ƙyafe kifi, da kurmin da ake sharewa don gini da gona, duk inuwar sheƙa ce ake ragewa. A 2018 gwamnati ta mai da gandun Duwala-Edeya wurin kiyaye namun daji na ƙasa, sai dai kadan ba a cikin gandu kaɗai yake ba. Ana kawo shi kasuwannin naman daji na Duwala da Yawunde da rai, an ɗaure masa baki da ƙafafu, domin yakan daɗe bai mutu ba, naman kuma ba ya lalacewa. In mace ce aka kama da damina, ƙwanta goma suna can ba mai gadi, guza kuwa ba ya jira.

Ga masu kai kayan fata waje akwai wata magana. Kamaru ta shiga yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji a 1981, wannan ɗan kada kuma yana cikin jeri na ɗaya, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Jakar da aka yi da fatarsa ba ta ɓuya ga ma'aikacin kwastan da ya san aikinsa: in ya shafa cikinta da yatsa, maɓallan zai ji.