Gida Ya Yi Araha, Abinci Ya Yi Tsada: Mu Saya Ko Mu Dakata?

Burin kowane magidanci shi ne ya mallaki gidan kansa. Wani yana so ya saya a ƙauyensu, wani kuma a garin da ke da babbar kasuwa, don ciniki ko don karatun yara. A lokacin matsi, dillali yakan zo ya ce maka, "Ga wani gida can ya faɗi warwas, in ba ka saya yau ba gobe wani zai ɗauke." Kafin ka kwance bakin jaka, ka tsaya ka karanta wannan bayani.

Me Ke Sa Kuɗin Gida Ya Faɗi?

Gida ma haja ne kamar hatsi da dabbobi. In masu sayarwa suka yi yawa, masu saye suka yi ƙaranci, dole kuɗinsa ya sauka.

A ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin abinci ya bi shi. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da kashi 40 cikin 100 a kan ta shekarar da ta gabata.

In abinci ya cinye kuɗin jama'a, babu sauran na sayen gida. A lokacin ne kuma wasu ke sa gidajensu a kasuwa don biyan bashi, ko kuɗin asibiti, ko rabon gado. Mai neman kuɗi da gaggawa yakan yi ragi mai yawa.

Akwai kuma faɗuwar da ba a gani da ido. Ga misali. A ce gida yana naira miliyan 3 lokacin da buhun masara yake naira 30,000. Kuɗin gidan buhu 100 ke nan. Sai buhu ya koma naira 60,000, gidan kuwa yana nan a miliyan 3. Yanzu buhu 50 ne kuɗinsa. Manomin da ke da hatsi a rumbu zai ga gidan ya yi sauƙi. Mai albashi kuwa, wanda sayen hatsin yake yi, nisa gidan ya ƙara yi masa.

Darasi Daga Amurka

Irin wannan ya taɓa faruwa a ƙasar Amurka, kuma akwai darasi a cikinsa. A can yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida. Daga 2006 kuɗin gidaje ya fara sauka, bai daina ba sai wajen 2012, bayan ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2008 kuɗin mai da na abinci suka tashi, mutane da yawa kuma suka rasa aikin yi. Miliyoyin iyalai suka kasa biyan bashi, bankuna suka karɓe gidajensu. Wasu ma bashin da ake bin su ya fi kuɗin gidan yawa.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, abin da ya fara faɗuwa yana iya ci gaba da faɗuwa shekara da shekaru, saboda haka babu dalilin gaggawa. Na biyu, wanda yake da abin biya kuma zama yake so ya yi a gidansa, faɗuwar kasuwa ba ta fitar da shi daga ɗaki. Wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa shi ne ya sha wuya.

Lissafin Da Za Ka Fara Yi

Ɗauki fensir da takarda, ka rubuta waɗannan abubuwa:

1. Abincin da iyalinka za su ci daga yau har kaka mai zuwa.
2. Kuɗin iri da taki da ƙwadago na damina.
3. Kuɗin makarantar yara da na magani.
4. Ɗan abin ajiya saboda larurar da kan zo ba sallama.

Ka cire duk waɗannan daga abin da ka mallaka. Abin da ya rage shi ne kuɗin sayen gida. In bai kai ba, lokacinka bai yi ba tukuna.

Kada ka sayar da gonar da kake ci daga gare ta don ka sayi gida. Gona tana ba ka abinci kowace shekara, gida kuwa gyara yake nema kowace shekara. Haka ma shanun huɗa da hatsin da ke rumbu. Wanda ya sayar da hatsinsa da kaka, in bazara ta yi sai ya koma kasuwa ya saye shi da tsada. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Kuɗin Da Ke Ɓoye

Kuɗin da mai gida ya faɗa ba shi ne duka ba. Akwai la'adar dillali, da kuɗin rubuta takarda, da kuɗin sauya suna a ofishin filaye. Sannan ga gyara. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Tsohon gida mai araha yana iya cin kuɗin kwano da siminti da katako har ya fi sabo tsada.

Saboda haka ka tafi da maginin da ka yarda da shi ya duba bango, da rufi, da masai, da rijiya. In da hali, ka je ganin gidan da damina bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Wasu gidajen sun yi araha ne don suna kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ta nuna irin ɓarnar da ruwa ke yi wa gidaje. Ka tambayi maƙwabta labarin unguwar da batun tsaro. Araha ba ta ado.

Batun Takardu

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin birni gwamna ne ke ba da takardar mallakarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Gidan da ke da takardar gwamna, doka ta ce sai da amincewarsa za a mayar da shi sunan wani.

Ka karɓi lambar takardar ka kai ofishin filaye a bincika. Ka tabbata ba a jinginar da gidan a banki ba, kuma babu shari'a a kansa. In gidan gado ne, ka ga duk magada sun yarda, maza da mata, kuma sun sa hannu. A yi ciniki a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu. Tunda yanzu ka iya karatu, ka karanta takarda da kanka kafin ka sa hannu. Inda ba ka gane ba, ka nemi malamin ajinku ko wani amintacce ya bayyana maka.

Cin Bashi

A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗora wa mai rance. Irin wannan bashi ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ma'aikaci, kamar malamin firamare ko ma'aikacin lafiya, yana iya bincikar Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi ana zubawa, mai zubi kuma yana iya neman rancen gida a kan kashi 6 cikin 100. Akwai kuma bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ka rubuta.

Yaushe Ya Dace Ka Saya?

Ka saya in kuɗin naka ne, gonarka da abincin gidanka suna nan, takardu sun inganta, kuma zama kake so ka yi a gidan shekaru masu yawa. A irin wannan hali kai ke da ƙarfi a ciniki, sai ka taya a hankali, ka duba gida uku ko huɗu kafin ka zaɓa. Amma kada ka ci zalin wanda larura ta sa ya sayar. In kuwa lissafinka bai cika ba, ka ci gaba da adashi da kiwo, ko ka sayi ɗan fili ka riƙa gini ɗaki-ɗaki. Gidan sayarwa ba ya ƙarewa, kuma yara sun fi bukatar tuwon dare fiye da sabon zaure.