Sabuwar Hanyar Yaƙi Da Ciwon Daji Mai Ƙari

Ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, iri biyu ne manya. Akwai na jini, akwai kuma mai yin ƙari a wuri ɗaya, kamar nono, wuya, fata ko mafitsara. An saba maganin mai ƙari ta hanya uku: tiyata, gashi da na'ura, da allurai masu ƙarfi. Yanzu likitoci sun ƙaro wata hanya, wato magani da ƙwayoyin gado.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kowacce akwai ƙwayoyin gado, waɗanda mutum ya samo daga uwa da uba. Su ne ke ba ta umarnin lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Idan umarnin ya lalace, sai ta yi ta hayayyafa babu tsayawa. Tarin nan shi ne ƙari.

Akwai wata ƙwayar gado mai suna p53 da ke aikin mai gadi. Ita ce ke tsayar da ƙwayar da ta lalace. A kusan rabin masu ciwon daji, mai gadin nan ya samu matsala. Sai masana suka ɗauki ƙwayar cutar mura, suka rage mata ƙarfi, suka ɗora mata lafiyayyar p53 kamar yadda ake ɗora wa jaki kaya. Ana yin allurarta cikin ƙarin, ita kuma ta kai kayan ciki. A shekarar 2003 ƙasar Sin ta amince da wannan magani mai suna Gendicine, domin sankarar kai da wuya.

A 2015 Amurka ta amince da Imlygic domin wata sankarar fata. An yi shi da ƙwayar cutar da ke kawo ƙuraje a leɓe. Tana shiga ƙwayoyin ƙarin ta hayayyafa har su fashe, sannan ta farkar da sojojin jiki su kawo ɗauki. A 2022 kuma aka amince da Adstiladrin domin sankarar mafitsara. Ana zuba shi cikin mafitsara ta siririyar roba, sau ɗaya duk wata uku.

Amma aikin ba sauƙi gare shi ba. Ƙari kamar suri yake, shigarsa da wuya. Magani kan kai wani ɓangare ya bar wani. Kuma ƙwayoyin ƙari ɗaya ba duka iri ɗaya ba ne, wasu kan mutu wasu su tsira. Shi ya sa kowane magani yana da irin sankarar da yake yi wa aiki, kuma ba kowa yake warkarwa ba. Ga tsada, ga shi sai a manyan asibitoci na ƙasashe kaɗan ake samunsa.

Saboda haka jama'a su yi hattara. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa sabon maganin sankara ne daga waje, kuɗi kawai yake nema. Wanda ya ji kullutu a nono ko wuya, ko ya ga jini a fitsari, ko gyambon da ya ƙi warkewa, to ya hanzarta zuwa asibiti. Ƙarin da aka gano da wuri, sau da yawa tiyata na iya raba mutum da shi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.