Zafin Barkono da Lafiyar Ciki

Da wuya a girka miya a ƙasar Hausa ba a jefa barkono ko attaruhu ba, kuma tsire da kilishi ba su cika sai da yaji. To, mene ne ke kawo wannan zafi, kuma yaushe ne yake zama cuta?

Zafin barkono yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna kafsaisin, wanda ya fi yawa a farin naman da 'ya'yan barkono suke manne da shi. A bakin mutum da cikinsa akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin Selshiyos. A shekarar 1997 David Julius na Amurka ya gano yadda kafsaisin yake tsokanar waɗannan jijiyoyi, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2021. Wato barkono ba ya ƙona baki, ruɗar jijiya yake yi. Amma jiki yakan ɗauki saƙon da gaske, sai gumi da hawaye da majina su ɓarke.

Tun a 1912 Wilbur Scoville ya tsara ma'aunin zafin barkono. A bisa wannan ma'auni attaruhu yana tsakanin 100,000 da 350,000, alhali wani irin da ake kira Carolina Reaper ya zarce miliyan 1.6.

Idan aka ci yaji fiye da kima, alamun farko su ne zafin ciki da tashin zuciya da amai. Hanji kuma yakan gaggauta fitar da abin da ke cikinsa, sai gudawa ta biyo baya. Da yake ba dukan kafsaisin ne jiki ke narkarwa ba, ragowar takan sa raɗaɗi wajen bayan gida. Mai fama da ƙwannafi, wato tasowar ruwan ciki mai tsami zuwa ƙirji, yakan ji ciwonsa ya ƙaru.

Haɗari mafi girma yana tattare da gasar cin barkono da matasa ke yi. A 2016 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani mutum mai shekara 47 da hanyar abincinsa ta yage saboda tsananin amai bayan irin wannan gasa. A 2023 kuma wani yaro mai shekara 14 ya rasu a jihar Masacusets bayan ya ci wani abin ƙwalama mai tsananin yaji. Binciken gawarsa ya nuna cewa dama yana da larurar zuciya. Lallai kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Sai dai akwai laifin da aka daɗe ana ɗora wa barkono ba da haƙƙinsa ba, wato gyambon ciki, wanda ake kira olsa. A 1982 Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya sun gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda ita ce ke haddasa akasarin gyambon ciki. Sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su asfirin da ibufurofen. Yaji yana iya fama ciwon, amma ba shi ya haife shi ba. Saboda haka wanda ya bar yaji kawai ya zauna a gida, ƙwayar cutar tana nan tana ɓarna, kuma idan ta daɗe tana iya kaiwa ga zubar jini ko sankarar ciki. Maganinta yana asibiti.

Idan baki ya ɗauki zafi, ruwa ba ya taimakawa sosai, domin kafsaisin ba ya narkewa a ruwa. Nono ko madara sun fi, saboda maiƙonsu da sinadarin kesin da ke cikinsu suna wanke shi daga harshe. Ya kamata a wanke hannu da sabulu bayan an yanka attaruhu, a kuma rage wa yara ƙanana yaji. Wanda kuwa ya ga jini a amansa, ko baƙar bayan gida, ko ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, to ya garzaya wurin likita ba tare da jinkiri ba.